Ɗaukar Hoton Yara a Asibiti: Aikin Na'ura da Aikin Baki



Gabatarwa

Mai yiwuwa ne waɗansu su yi mamakin abin da ya kai malamin Hausa ɗakin ɗaukar hoto na asibiti. Abin da ya kai shi kalma ce guda ɗaya. Idan aka tambayi Bahaushiya abin da aka yi wa ɗanta a asibiti, sai ta ce, "An yi masa hoto." To amma fa a ƙarƙashin wannan kalma akwai na'urori iri huɗu, biyu daga cikinsu suna ratsa jikin yaro da wani haske mai iya yin lahani in ya yi yawa, biyu kuwa babu ruwansu da wannan haske. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa yawan hasken da yaro zai sha ba na'ura kaɗai ce ke yanke shi ba. Maganar da ta gudana tsakanin likita da mai ɗaukar hoto da uwa da yaro, tun kafin a danna maɓalli, tana da babban rabo a ciki.

Asalin Hasken da Lahaninsa

A ranar 8 ga watan Nuwamba, 1895, wani masanin kimiyya Bajamushe, Wilhelm Rontgen, ya gano wani haske a garin Wurzburg, wanda ido ba ya ganinsa, amma yana ratsa takarda da katako da tsokar mutum. Kafin ƙarshen shekarar ya ɗauki hoton hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe a fili, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1901. Wannan haske shi ne muke kira eksire. Abin da muke gani a faifan kuwa inuwa ce. Ƙashi yana tare hasken, sai ya fito fari. Iskar da ke cikin huhu tana barinsa ya wuce, sai ta fito baƙi. Tsoka kuma ta tsaya tsakani, toka-toka.

Ba a jima ba aka fahimci cewa hasken yana da ta'adi. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison a Amurka, ya rasu a 1904 bayan hasken ya cinye masa hannuwa. A 1906 waɗansu Faransawa biyu, Bergonie da Tribondeau, suka nuna cewa ƙwayoyin halittar jiki masu saurin rabuwa da hayayyafa su ne hasken ya fi yi wa ɓarna. Sa'an nan a 1956 Dakta Alice Stewart ta Jami'ar Oxford ta ba da rahoton cewa ciwon daji ya fi yawa ga yaran da aka yi wa uwayensu eksire suna ɗauke da cikinsu. Daga nan aka gane dalilai biyu da suka sa yaro ya fi babba shiga haɗari. Na farko, jikinsa yana cikin girma, watau ƙwayoyinsa suna cikin hayayyafa. Na biyu, ciwon da hasken ke jawowa yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya bayyana, yaro kuwa shekarunsa suna gaba.

Ire-iren Hoto Huɗu

Na farko shi ne eksire, wanda ake yi wa ƙirji da ƙashi. Ana auna hasken da jiki ya sha da wani ma'auni mai suna milisibat. Kowane ɗan Adam, ko bai taɓa taka asibiti ba, yana shan kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da sararin samaniya. Hoton ƙirji guda ɗaya kuwa kimanin milisibat 0.02 ne, watau daidai da abin da mutum ke sha a kwana uku yana zaune a gidansa.

Na biyu shi ne siti, wanda Godfrey Hounsfield ya ƙera, aka fara gwada shi a kan majiyyaci a Landan a 1971. Shi ma hasken eksire ne, sai dai na'urar tana kewaya jiki tana ɗauka ta kowace fuska, kwamfuta kuma ta harhaɗa ta fitar da jiki yanka-yanka kamar an yanka burodi. Sitin kai guda ɗaya yana kai kimanin milisibat 2, watau hoton ƙirji 100. Wani bincike da aka buga a 2012, wanda ya bi sawun yara da matasa kusan 180,000 a Birtaniya, ya kimanta cewa cikin sitin kai 10,000 da aka yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 10, za a sami ƙarin sankarar jini ɗaya da ƙarin ƙari a ƙwaƙwalwa ɗaya cikin shekara 10. Haɗarin ƙarami ne, amma akwai shi. Saboda haka yaron da ya faɗo daga bisa ya suma, likita ya ce a yi masa siti, hana shi ya fi yinsa haɗari nesa ba kusa ba. Wanda kuwa ya yi ƙulu kawai ya tashi ya ci gaba da wasansa, sau da yawa sa ido a kansa ya wadatar.

Na uku shi ne sikanin, wanda mata masu juna biyu suka sani. Da amo yake aiki, amon da kunne ba ya ji, babu eksire a cikinsa ko kaɗan, ya kuma dace da yara ƙwarai. Jariri ma ana iya leƙa ƙwaƙwalwarsa da shi ta maɗiga tun ba ta rufe ba. Na huɗu shi ne hoton maganaɗisu, shi ma babu eksire, amma yana da ƙara, yana kuma bukatar yaro ya kwanta cikin rami na tsawon minti 20 ko fiye ba motsi.

Jikin Yaro a Faifai

Hoton yaro karatu ne mai zaman kansa, har Dakta John Caffey na Amurka ya rubuta masa littafi sukutum a 1945. Ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro guringuntsi ne, daga nan ƙashi ke tsawo, guringuntsi kuwa ba ya fita a eksire, sai a ga kamar giɓi. Wanda bai saba ba zai ce karaya ce. Haka nan ƙashin yaro yakan karye irin karayar ɗanyen icce, gefe ɗaya ya tsage ɗayan ya lanƙwashe. A ƙirjin jariri kuma akwai wata tsoka mai suna taimos, wadda ke fitowa babba a faifai alhali lafiyarta lau. A farkon ƙarni na 20 likitocin Amurka sun ɗauke ta cuta, suka riƙa gasa ta da eksire don ta motse, daga baya aka sami ciwon dajin wuya ga waɗansu daga cikin yaran.

Amfanin hoton ma ba ɓoyayye ba ne. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun yi amfani da hoton wuyan hannu da na gwiwa wajen auna warkewar yara masu laushin ƙashi, irin wanda ke kawo gwame da lanƙwasar ƙafa. A 1999 suka buga sakamakon cewa sinadarin kalshiyam ya fi bitamin D kaɗai warkar da waɗannan yara.

Tambaya Kafin Hoto

A 1977 hukumar ƙasa da ƙasa mai ba da shawara kan kariya daga irin wannan haske ta shimfiɗa ƙa'idodin da ake bi har yau. Biyu daga cikinsu su ne suka shafi majiyyaci: kada a yi hoto sai amfaninsa ya rinjayi lahaninsa, in kuwa za a yi, a yi da mafi ƙarancin hasken da zai biya bukata.

Ƙa'idar farko da baki ake cika ta. Alal misali, Hukumar Lafiya ta Duniya ta koyar da gane ciwon haƙarƙari ta ƙidayar numfashi: 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Mafi yawan irin waɗannan yara magani suke bukata, hoto ba zai ƙara kome ba. Amma mu kanmu iyaye mukan matsa wa likita, muna ganin in ba a yi hoto ba, ba a duba yaro da kyau ba. Ga kuma akasin haka. Yaron da gyaɗa ta sarƙe shi ta faɗa hanyar numfashi, gyaɗar ba ta fita a eksire. Abin da zai shiryar da likita shi ne uwa ta ce yana cikin cin gyaɗa ya shaƙe. Wanda ya haɗiye batirin agogo kuwa, dole a yi masa hoto nan take, domin in batirin ya maƙale a hanyar abinci yana iya ƙona ta cikin sa'a biyu. A faifai ya yi kama da kwabo, sai mai lura ne zai ga zobe biyu a bakinsa. Ke nan labarin da uwa ta bayar, da yadda aka saurare ta, su ne ke nuna ko a yi hoto, da irin wanda za a yi.

A Cikin Ɗakin Hoto

Ƙa'ida ta biyu tana hannun mai ɗaukar hoto. Zai rage ƙarfin na'ura gwargwadon jikin yaro, ya tsuke hasken a kan wurin da ake nema kaɗai, ya kuma cire rariyar darmar nan da ake sa wa manya don tace hasken da ya fantsama, domin tana sa a ƙara haske, ƙaramin jiki kuwa ba ya bukatarta. Zai gajarta lokacin ɗauka, saboda jariri yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti. Na'urorin zamani masu kwamfuta sun zo da wani tarko: a da, in haske ya yi yawa faifai yakan yi baƙi, kowa ya ga kuskuren, yanzu kuwa kwamfuta tana gyara hoton ya fito tas, yaro ya sha hasken da ya wuce kima ba wanda ya sani.

Duk da haka, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da yaro ke shan hasken banza ita ce maimaita hoto. Yaro ya motsa, hoto ya yi dishi-dishi, a sake. An ninka masa haske ke nan. Me ke sa yaro motsi? Tsoro. Wa ya dasa masa tsoron? Sau da yawa mu ne, da muke cewa, "In ba ka yi shiru ba, likita zai yi maka allura." Gwanin mai ɗaukar hoto yakan durƙusa daidai tsayin yaro ya ce, "Ɗan samari, babu allura a nan, hoto kawai za mu yi. Ja numfashi kamar za ka hura balan-balan, ka riƙe." Jariri kuwa akan naɗe shi da zane, a jira lokacin da ya ja dogon numfashi tsakanin kuka da kuka. A hoton maganaɗisu ma akan shayar da shi, a naɗe shi ya yi barci, a huta da maganin sa barci.

Akwai kuma abubuwan da sai wanda ya san mutanensa zai tuna da su. Laya da guru da jigida da 'yan kunne da duwatsun kitso duk suna iya fitowa a faifai su rufe abin da ake nema. In aka ce da uwa, "Mama, a taimaka a cire masa layar nan na ɗan lokaci, ki riƙe a hannunki," za ta cire. In aka yi mata gatsali, za ta tura ta cikin riga, a ɓata hoto. Wadda za ta riƙe yaro tilas ta sa rigar darma, tilas kuma a tabbatar ba ta da juna biyu. Wannan tambaya ba a yin ta a gaban suruka ko a bainar jama'a, domin kunya za ta sa a ce babu alhali akwai. A keɓe ake yi, in da hali mace ta tambayi mace. Shi yaron kansa, tun daga 2019 manyan ƙungiyoyin masana a Amurka, sa'an nan a Birtaniya, suka ba da shawarar a daina ɗora masa darma a mara, domin an ga takan rufe wurin da ake son gani ta jawo maimaici. Uwar da ta saba ganin ana sawa, in ba a yi mata bayani ba, sai ta ɗauka sakaci ne.

Kammalawa

Nijeriya ba ta rasa doka ba. An kafa hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti da dokar soja mai lamba 42 ta 1987, an yi dokar kariya daga wannan haske a 1995, hukumar da ke zartar da ita kuma ta fara aiki a 2001. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa littafi musamman a kan yadda za a yi wa iyaye bayanin amfani da haɗarin hoton yara. Amma bayani ba ya zama bayani sai da harshen da mai sauraro ke ji.

Saboda haka, ku ma'aikatan gwamnati da ke sa hannu a takardun sayen na'urori, ku tambaya ko na'urar tana da ma'aunin yara, ko akwai mai rajista da zai riƙe ta, ko kuma an ware kuɗin duba ta a kai a kai. Ku ɗaliban Hausa, ku zauna da likitoci ku daidaita wa waɗannan hotuna huɗu sunayen da za su rarrabe su a bakin jama'a, ku rubuta bayanin a takarda guda wadda za a karanta wa uwa cikin minti biyu, a kuma watsa shi a rediyo. Mu iyaye kuma, duk ran da aka ce a yi wa ɗanmu hoto, mu yi tambaya uku cikin ladabi: wane irin hoto ne, me ake nema a gani, akwai kuma wanda ba shi da eksire da zai biya bukata? Mu adana tsofaffin hotuna da takardunsu, mu tafi da su duk asibitin da za mu, don kada a sake abin da aka riga aka yi.

Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.