Ganuwar Surame: Tarihinta da Gininta

Galibin ganuwoyin ƙasar Hausa da tubali da ƙasa aka gina su. Irin wannan gini kuwa sai da yaɓe a kai a kai. Da zarar mutane sun tashi, damina ta yi ta bi ta kansa, sai ya koma tudu. Surame ta fita daban, domin da dutse aka yi ganuwarta.

Kufan Surame yana cikin ƙaramar hukumar Binji ta Jihar Sakkwato, ba nisa da fadamar Gulbin Rima, amma tarihinsa na Kabi ne. Wajen shekarar 1516, bayan komowa daga yaƙin Agadas, Kanta ya saɓa da Askiya Muhammadu na Songhai a kan rabon ganima, ya yi masa tawaye, kamar yadda littafin Tarikh al-Sudan ya kawo. Wanda ya ja da daula irin wannan ya san za a biyo shi. Saboda haka Kanta ya mai da Surame babban birninsa, ya kewaye ta da ganuwa mai jure hari.

Magina sun jera duwatsun marmara bisa juna, suna cike tsakaninsu da laka, aka kuma haƙa gwalalo daga waje. Aiki irin wannan sai da hannuwa masu yawa. Labarin baka ya ce ƙasashen da ke bin Kanta ne suka aiko ma'aikata, Nufawa kuma da suka makara sai aka sa su kwaɓa tasu lakar da man kaɗanya maimakon ruwa. Ko ba komai, labarin ya nuna yadda Kabawa suke tuna girman ikon sarkinsu.

A farkon ƙarni na 18 sarauta ta koma Birnin Kabi. Da jama'ar Shehu suka ci birnin a 1805, daga baya Kabawa suka kafa mazauni a Argungu. Surame ta yi shekara ɗari uku ba mai gyara ta, amma har yanzu sassan ganuwar suna tsaye.

Gwamnatin Nijeriya ta sa Surame cikin kayan tarihi na ƙasa a 1964, a 2007 kuma aka shigar da ita jerin share fage na hukumar UNESCO. Sai dai takarda ba ta tsare bango. Saiwar itace da zaizayar ƙasa suna aikinsu sannu a hankali, kuma duk dutsen da ya bar gurbinsa ya tafi da shaidar yadda aka aza shi. Auna ganuwar da zana taswirarta aiki ne da ke jiran ɗalibai da ma'aikatan hukuma.