Bayani A Kan Fitilar Rana Ta Mota

Fitilar nan da ta ke ci a goshin mota da rana tsaka, ba domin direba ya ga hanya a ka yi ta ba. An yi ta ne domin mai tahowa, da mai babur, da mai tafiya a ƙasa su hangi motar tun tana nesa. Wanda ya fahimci wannan, zaɓe ba zai yi masa wuya ba.

Asalin al'amarin daga arewacin Turai ya ke, inda rana ba ta ɗagawa sosai da hunturu. A shekarar 1972 ƙasar Finlan ta wajabta kunna fitila da rana a hanyoyin karkara lokacin sanyi. Suwidin ta bi sawu a 1977, ita kuwa ta ce shekara duka. Kanada ta ɗora wa sababbin motoci wannan sharaɗi a 1989, Tarayyar Turai kuma a 2011.

Mai son sa wa motarsa irin wannan fitila, sharuɗɗa huɗu gare shi.

Na farko, haskenta ya zama daidai gwargwado. Ƙa'idar Turai ta iyakance shi tsakanin kandela 400 da 1,200 ga kowace fitila. Kandela guda kuwa kamar hasken kyandir ɗaya ne. Abin da ya gaza haka, rana ta haɗiye shi. Abin da ya zarce, ya kashe wa mai tahowa ido, magani ya koma cuta.

Na biyu, ta zama fara, kuma a duba gilashinta. Wadda a ka gwada bisa ƙa'idar nan tana ɗauke da harafin E cikin da'ira, da haruffan RL.

Na uku, wurin ɗaurawa. Biyu a ke sawa, dama da hagu, tsakaninsu kada ya gaza santimita 60, tsayinsu daga ƙasa santimita 25 zuwa 150.

Na huɗu, mai haɗa waya ya haɗa ta yadda za ta kama da kanta in an ta da inji, ta mutu in an kunna manyan fitilu. Da dare haskenta bazuwa ya ke yi, ba ya bin hanya.

Saura wani abu wanda ya fi duka hatsari. A motoci da yawa, fitilar rana tana ci alhali fitilun baya a kashe su ke. Direba ya ga haske gabansa ya saki jiki, wanda ya ke biye da shi kuwa ba ya ganin kome sai ya zo dab. Saboda haka in hazo ya sauka, ko ruwa ya tsuge, ko magariba ta gabato, wajibi ne direba ya kai hannu ya kunna fitilunsa duka, gaba da baya.