Bayan Windows 10: Ina makomar tsofaffin kwamfutoci a Damari?

A ranar 14 ga Oktoban 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kula da manhajar Windows 10. Magajiyarta, Windows 11, tana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0, wadda kwamfutoci 'yan gwanjo da dama ba su da ita.

Lamarin ya shafi ɗaliban Damari da sauran garuruwan Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara, domin tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Irin waɗannan tsofaffin injuna ne mai ƙaramin ƙarfi ke iya saye ya koyi aiki.

Akwai mafita. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, kyauta ce, kowa na da izinin gyara ta, kuma wasu nau'o'inta ba sa yi wa tsohuwar kwamfuta nauyi. LibreOffice ma tana aiki ba tare da intanet ba, abin da ke da muhimmanci a yankin da aka katse wa layukan sadarwa a 2021.

Cikas ɗin shi ne ƙarancin masu koyarwa da masu gyara. Kafin gwamnatin Katsina ta ware kuɗin sayen sababbin kwamfutoci, ya dace matasa su tambayi nawa aka ware domin horar da malamai.