Mai Gadin Da Ba A Gani: Darasin Da Na Koya Daga Winbind

Duk ma'aikacin da ya isa ofis da safe, ya kunna kwamfuta, ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, to ya amsa wata tsohuwar tambaya ce da ake yi wa baƙo a ƙofar gari tun zamanin ganuwa: wane ne kai, kuma daga cikin su wa kake? Cikin ƙiftawar ido ake ba shi amsa, a buɗe masa abin da ya halatta ya gani, a rufe masa sauran. Saboda saurin abin, da wuya mai karatu ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa ko wane ne ke yanke wannan hukunci. Ni ma da nake cin abinci da aikin kula da kwamfutoci, ban ba tambayar haƙƙinta ba sai ranar da mai yanke hukuncin ya rikice a hannuna.

Wasu shekaru da suka wuce ina kula da kwamfutocin wata ma'aikata da ba sai na ambaci sunanta ba. Kwamfutocin da ke kan teburan ma'aikata duk babbar manhajar Windows suke ɗauke da ita, amma uwar garken da ke adana takardun kowa tana gudana ne a kan Linux, don arha da juriya. Wata ranar Lahadi da dare wuta ta dawo da ƙarfi, faifan da babbar manhajar uwar garken ke kai ya ƙone. Allah Ya taimake ni, faifan da takardun ke kai bai sami ko ƙwarzane ba. Na kwana ina aiki, kafin hantsin Litinin na sake girka komai, na koma kujerata ina jin na yi bajinta.

Ba a yi awa guda ba sai ga babbar akanta ta aiko a kira ni, wai an hana ta shiga ma'ajiyar takardunta. Ina tsaye a ofishinta ina lalube, wani ɗan bautar ƙasa da bai fi wata biyu da zuwa ba ya leƙo, ya ja ni gefe ya ce, "Yallaɓai, ka zo ka gani, takardar albashin kowa da kowa ta buɗe mini, har ina iya gyara ta." Jikina ya yi sanyi. Da yaron nan ba ɗan halak ba ne, da kafin azahar duk ma'aikatar ta san abin da kowa ke ɗauka a wata, ko ma a wayi gari wasu alƙaluma sun sauya. Babu ɓarawon da ya kutso, babu wanda ya saci kalmar sirri. Wata ƙaramar jakar bayanai ce guda ɗaya na manta ban taɓa adana kwafinta ba.

Domin a fahimci yadda haka ta faru, sai mu koma ga yadda kwamfuta ke sanin mutane. Ita kwamfuta ba ruwanta da suna, lamba ta sani. A babbar ma'aikata ba a rubuta kowane ma'aikaci a kan kowace kwamfuta daban-daban. Akan tara su ne a rajista guda, a kan uwar garke ta musamman, sauran kwamfutocin kuma su riƙa tambayarta. Wannan tarin kwamfutoci da mutane da ke ƙarƙashin rajista ɗaya shi zan kira gunduma. Tsarin gunduma mafi shahara shi ne Active Directory na kamfanin Microsoft, wanda ya fito tare da Windows 2000. A cikinsa kowane mutum da kowane rukuni na da doguwar lambar shaida da ke farawa da S-1-5-21, sai jerin alƙaluman da ke nuna gundumar, sannan wutsiyar ƙarshe da ke nuna shi mutumin. Babban mai kula da gunduma wutsiyarsa 500 ce, rukunin masu kula 512, rukunin dukkan ma'aikata 513. Idan aka goge mutum aka sake rubuta wani da sunansa sak, sabuwar lamba za a ba shi, ba zai gaji komai na wancan ba. Mu da a ofis guda za ka tarar da Muhammadu Sani uku da A'isha Abubakar biyu, bai kamata hikimar wannan ta ɓuya mana ba. Ita ce dai hikimar da ta sa banki ya fi yarda da lambar BVN mai alƙaluma 11 a kan sunan da ke bakinka.

Su kuwa dangin Unix, wanda Linux ke cikinsu, tun shekarun 1970 suke da tasu al'adar. Kowane mutum gajeriyar lamba guda gare shi, kowane rukuni ma haka; mai iko a kan komai lambarsa 0. Kowace takarda da aka adana, wannan gajeriyar lamba ce manne da ita a matsayin shaidar mai ita. Ke nan ga dauloli biyu maƙwabta, kowace da irin takardar shaidarta, babu mai karanta ta ɗan'uwansa. Dole a sami tafinta a kan iyaka, kuma wannan tafinta shi ne Winbind.

Winbind ɓangare ne na Samba, wata manhaja ta kyauta da ke koya wa Linux yaren da kwamfutocin Windows ke musayar takardu da shi. Andrew Tridgell, wanda a lokacin ɗalibi ne a jami'ar ƙasa ta Ostareliya da ke birnin Kanbera, shi ya saki zubinta na farko a shekarar 1992, bayan ya zauna yana nazarin saƙonnin da kwamfutoci ke aika wa juna har ya gano ƙa'idarsu. Sunan ma daga ƙamus ya lalubo shi, yana neman kalmar da ke da haruffan S da M da B, waɗanda su ne sunan yaren. Shi kuma Winbind ya zo ne a farkon shekarun 2000, inda Tim Potter ya yi kaso mai tsoka na aikin. Samba 3.0 da ta fito a 2003 ta ba Linux damar zama cikakken ɗan gundumar Active Directory, sannan Samba 4.0 ta 2012 ta kai ga iya riƙe rajistar gunduma da kanta.

Winbind ba shi da fuska a kan allo. Yana cikin jinsin manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta su zauna a bayan fage suna jiran a yi musu tambaya, kuma tambayoyin da ake masa iri uku ne. Na farko, idan Linux ya ci karo da sunan da ba ya cikin rajistarsa ta gida, sai ya juya ga Winbind, shi kuma ya tambayi uwar garken gunduma ko ta san mutumin da rukunonin da yake ciki. Na biyu, idan mutum ya ba da kalmar sirri, Winbind ke kai maganar gaban gunduma don a tabbatar. Na uku, wanda shi ne ya kayar da ni, shi ke fassara doguwar lambar Windows zuwa gajeriyar lambar Linux.

Wannan fassara tana da hanyoyi. Mafi sauƙi ita ce ta layi: a ware zangon lambobi, a ce daga 10000, duk wanda ya fara bayyana a ba shi ta farko, na biye da shi ta biyu, a rubuta a wata ƙaramar jaka. Ita na zaɓa tun farko don ba ta buƙatar dogon tunani. Ranar da faifan ya ƙone jakar ta tafi, Winbind ya soma rabon lambobi daga farko. Takardun suna nan da tsoffin lambobinsu, amma masu lambobin sun sauya. Ɗan bautar ƙasa ya yi sammako, ya sami lambar da a da ta akanta ce, kwamfuta kuwa ta miƙa masa makullin ba tare da wata tantama ba, domin a wurinta shi ne akantar.

Kwana uku na yi ina bin ma'ajiyoyi ɗaya bayan ɗaya ina mayar wa kowa da kayansa. Daga nan na koma hanya ta biyu, ta lissafi: a ɗauki wutsiyar lambar mutum a haɗa da farkon zango. Mai wutsiya 1105, idan zango ya fara daga 10000, lambarsa 11105 ce a kan kowace kwamfuta, yau da gobe, ko da an ƙone faifai goma. Akwai kuma hanya ta uku, inda ake rubuta gajeriyar lambar kowa a cikin rajistar gundumar kanta. Duk waɗannan suna rubuce cikin littafin jagorar manhajar, kyauta, tun kafin in fara aikin. Ni ne ban karanta ba.

Akwai wani darasin da rashin tsayayyiyar wuta ya ƙara mini. Tabbatar da kalmar sirri a Active Directory ya dogara ne a kan tsarin Kerberos, wanda aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1980, aka sa masa sunan wani kare mai kai uku da ke gadin ƙofa a tatsuniyoyin Girkawa. Kerberos kan ba mutum tikiti mai ɗauke da lokaci, don kada wani ya tsinci tsohon saƙo ya sake amfani da shi. Bisa al'ada, idan agogon kwamfutarka ya saɓa da na uwar garke da fiye da minti 5, ba za a karɓe ka ba. To, a inda ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, ɗan ƙaramin batirin da ke riƙe agogon kwamfuta yakan yi saurin mutuwa. Na sha ganin ma'aikaci yana rantsuwa bai manta kalmar sirrinsa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Kwamfutarsa ce ta farka tana zaton wata shekara ake ciki.

Bai kamata kuma a manta cewa wannan gada da ke tsakanin daulolin biyu ba a banza aka same ta ba. Shekaru da dama masu gina Samba suna aiki ne cikin lalube, saboda ba a bayyana ƙa'idojin yaren ba. A 1998 kamfanin Sun Microsystems ya kai ƙara gaban Hukumar Tarayyar Turai. A watan Maris na 2004 hukumar ta ci Microsoft tarar Yuro miliyan 497, ta kuma umarce shi ya bayyana bayanan da wasu uwayen garke ke buƙata don su yi hulɗa da nasa. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, masu Samba suka shiga shari'ar suna ba da bahasi, a watan Satumba na 2007 kotu ta tabbatar da jigon hukuncin. A watan Disamba na shekarar aka ƙulla yarjejeniyar da ta ba masu manhajojin kyauta damar karanta takardun, a kan Yuro 10,000. Duk wata makaranta ko asibiti da a yau ke haɗa Linux da Windows ba tare da ta sayi lasisin da ya fi ƙarfinta ba, tana cin gajiyar wannan shari'a ce ko ba ta sani ba.

A yau Winbind ba shi kaɗai ke wannan aiki ba. Akwai SSSD da kamfanin Red Hat ya jagoranci samarwa, wasu ma'aikatun kuma sun mayar da rajistarsu kan intanet. Amma tambayar tana nan yadda take, haka ma haɗarin da ke tattare da amsa ta da ganganci. Shi ya sa nake da kira guda uku ga shugabannin ma'aikatunmu, waɗanda su ne ke sa hannu a kan kasafi.

Na farko, rajistar ma'aikata da ke cikin kwamfuta amana ce, daidai take da makullan ma'aji. Ranar da mutum ya bar aiki, ranar ya kamata a rufe shaidarsa, kuma amfanin rajista guda ke nan: a rufe a wuri ɗaya, ƙofofi duka su rufu. Ofishin da mutum biyar ke shiga kwamfuta da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, wadda aka rubuta a takarda aka manna a jikin allo, ya yafe wa kansa sanin wanda ya aikata me. Idan kuɗi suka ɓata a irin wannan wuri, mai ƙaramin ƙarfi ake kamawa.

Na biyu, a riƙa tambayar mai kula da kwamfutoci tambayar da ni ba a taɓa yi mini ba: idan wannan na'ura ta ƙone yau da dare, me za mu rasa, kuma yaushe ka gwada dawo da ita daga kwafin ajiya? Adana takardu kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da bayanan da ke nuna mai su. Ni takarduna ba su ɓata ba, amma saura ƙiris in jawo abin da ya fi ɓatan muni.

Na uku, a daina auna aikin waɗannan ma'aikata da yawan gudun da aka ga suna yi daga ofis zuwa ofis. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A wajenmu wanda ya gyara ɓarna bayan ta auku shi ake yi wa jinjina, wanda kuwa ya zauna ya karanta jagora, ya daidaita agogo, ya sabunta manhaja har ɓarnar ba ta auku ba, sai a ce ba ya aikin komai. A ba shi lokaci da horo da kuɗin batir da na'urar riƙe wuta, domin shirun da ake ji a ofis shi ne shaidar aikinsa.

Shi dai wancan ɗan bautar ƙasa ya gama shekararsa ya tafi, ban san inda rayuwa ta kai shi ba. Amma har gobe, duk lokacin da zan girka sabuwar uwar garke, nakan tuna cewa a wata safiyar Litinin babu abin da ya tsaya tsakanin ma'aikata guda da abin kunya sai tarbiyyar da iyayensa suka yi masa. Ba kullum ake dace da irinsa ba, don haka ba a gina tsari a kan sa'a. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, ta fili da ta ɓoye.