Kafin a sayi sabon batir, a fara auna dinamo

Motocin da ke jigilar 'yan kasuwa tsakanin Ɗan Gulbi, Kornaka da Dakoro suna shan rairayi da ƙura da zafin rana. Da zarar mota ta ƙi tashi da safe, sai ka ji direba ya ce batir ya mutu, a yi aike Maradi a sayo sabo. Bayan 'yan kwanaki sabon ma ya kwanta, jikkuna sun tafi a banza. Sau da yawa laifin yana wajen dinamo, wanda aikinsa shi ne mayar wa batir wutar da ya kashe.

Gane wannan ba ya da wuya ga wanda ke da ƙaramar na'urar auna wuta, irin ta masu gyaran rediyo. Idan inji yana kashe, lafiyayyen batir yakan nuna volt 12,6. A tada inji a sake aunawa: ya kamata ya hau tsakanin 13,8 da 14,4. In ya tsaya ƙasa da 13, dinamo ba ya caji. In kuwa ya wuce 15, na'urar daidaita wuta ta lalace, ruwan batir zai riƙa tafasa, har a ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Amma kada a yi gaggawar kwance dinamo. A duba fambel tukuna, domin in ya yi sako-sako sai ya riƙa zamewa yana kuka. A duba kawunan batir. Farin garin nan da ke taruwa a kansu yana hana wuta wucewa. Jar fitilar gaban direba mai hoton batir ma tana magana: ta kama in an murɗa makulli, ta mutu in inji ya tashi. A tsofaffin motoci da yawa, ƙonewar wannan ɗan ƙwan kaɗai yakan hana dinamo fara caji. Sai bayan waɗannan ake zuwa ga gawayin dinamo, wanda ƙura ke saurin cinyewa.

Akwai wata dabara da wasu makanikai ke alfahari da ita, wato cire kan batir inji na aiki don a ga ko zai mutu. Wallahi ganganci ne. Wuta takan yi tsalle nan take, ta ƙone na'urar daidaitawa, a motocin zamani har da kwamfutar inji, kuma ita sai an je Maradi ko Kano neman ta.