Fiton da Ke Tashi Daga Injin Tirela

Duk wanda tirela ta taɓa wuce shi tana hawan tudu da lodin siminti, ya ji wani siririn fito a cikin rugugin injin, yana ƙaruwa in direba ya danna totur, yana lafawa in ya ɗaga ƙafa. Fiton turbo ke nan. Ƙarfe ne da mutum ɗaya zai iya rungumowa, yana maƙale a gefen injin ta inda hayaƙi ke fita, amma ranar da ya lalace, motar da ke jan tan 30 sai ta koma rarrafe tana tuƙa baƙin hayaƙi. Masu motoci sun san tsadarsa. Abin da da yawansu ba su lura da shi ba shi ne, ba kasafai tsufa ke kashe turbo ba. Baƙin man da ake ba shi ne, da yadda ake tayar da mota da yadda ake kashe ta.

Sai dai kafin a zo ga mai, a fara da iska. Man gas ba ya ƙonewa sai da iska, kuma mai yawa: kilo ɗaya na gas yana bukatar aƙalla kilo 14 da rabi na iska, injin gas kuwa ya fi son ta wuce haka. Zuba gas ba wuya, noza za ta watsa duk yadda aka saita ta. Iskar ce ke da iyaka. Injin mai lita 12 da ke juyawa sau 1,500 a minti ɗaya, in an bar shi ya shaƙa da kansa, ba zai wuce lita 9,000 na iska ba a mintin. In aka ƙara gas ba a ƙara iska ba, hayaƙi kawai za a samu. Maƙeri ya daɗe da sanin wannan, domin tulin gawayi ba ya jajanta ƙarfe sai an zuga shi. Turbo zuga-zugin injin ne, bambancinsa da na maƙera shi ne ba ya neman yaro mai zuga, hayaƙin injin ne ke yi masa wannan aikin.

Ga yadda abin yake. Fanka biyu ne a kan sandar ƙarfe ɗaya, wadda makanikai ke kira shaf, kowace fanka a cikin gidanta. Ta farko tana kan hanyar hayaƙi. Hayaƙin da ya fito daga silinda da ƙarfi da zafi yana bugun fuka-fukanta ya juya ta, sannan ya wuce salansa. Tun da shaf ɗaya ya haɗa su, fanka ta biyu ita ma sai ta juya, ta zuƙo iska daga filta, ta matse ta, ta tura ta cikin injin. Ta haka silinda ke samun ninki biyu, wani lokaci kusan uku, na iskar da da za ta shaƙa da kanta. Abin sha'awa a nan shi ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da injin ya ƙona a salansa yake zirarewa. Daga wannan asarar turbo ke tsinto abin da yake aiki da shi. Wani injiniya ɗan ƙasar Siwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905. Manyan injinan jiragen ruwa ne suka fara cin moriyarta a shekarun 1920, sannan kamfanin Saurer na ƙasar ya sa ta a injin babbar mota a 1938. Yau da wuya ka ga sabuwar MAN ko DAF ko Howo ko Mack da ba ta da shi.

Iska in an matse ta zafi take yi, tana iya haura digiri 150 a ma'aunin Salshiyas, iska mai zafi kuwa ba ta da nauyi. Shi ya sa ake bi da ita ta wani lagireto na musamman da ke gaban na ruwa, ta huce kafin ta shiga injin. Akwai kuma 'yar ƙofa a jikin wasu turbo da ke buɗewa ta karkatar da wani sashe na hayaƙin in matsin ya yi yawa, wasu na zamani kuma suna da fuka-fukai masu motsi da kwamfutar mota ke sarrafawa. Amfanin turbo ya fi fitowa a tudu. Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200, iskar can ta fi ta Legas sauƙi da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Motar da ba ta da turbo a ƙafa direba zai ji wannan ragin in ya kama Hawan Kibo. Mai turbo kuwa fankarta ce ke ƙara gudu ta cike giɓin.

To, gudun nan shi ne tushen maganar. Injin tirela yana juyawa tsakanin sau 1,200 zuwa 2,000 a minti. Shaf na turbo yana haura 100,000. In ya kai 120,000, juyi 2,000 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Gefensa ɗaya yana cikin hayaƙin da ke kai digiri 600 zuwa 700, ɗaya gefen yana cikin iskar waje, tsakaninsu bai kai taki ɗaya ba. Ƙarfe biyu ba za su gogi juna a wannan gudu su kai minti ɗaya lafiya ba. Saboda haka aka ƙera shi yadda ba za su taɓa juna ba sam. Shaf yana ratsawa ta cikin bushi biyu na tagulla, bushin kansu ba a ɗaure suke ba, suna juyawa a hankali a mazauninsu. Famfon baƙin mai yana turo mai ta wani siririn bututu daga sama, man ya shiga tsakanin shaf da bushi, ya kuma shiga tsakanin bushi da mazauninsa. Da shaf ya ɗauki gudu sai ya ɗago ya hau kan man, yana yawo a kansa. Kaurin wannan shimfiɗar mai ɗan kaso ne na milimita ɗaya. Akwai kuma wani faifai da ke hana shaf zamewa gaba da baya, shi ma a kan mai yake tafiya.

Man ba santsi kaɗai yake bayarwa ba. Shi ke kwashe zafin da ke biyo shaf daga gefen hayaƙi, ya kuma danne rawar da shaf ke yi. In ya gama, sai ya gangara ta wani bututu mai faɗi da ke ƙasa ya koma tukunyar mai. Babu famfo a wannan hanyar ta komawa, nauyinsa ne kawai ke saukar da shi. A lura da wannan, za a dawo gare shi. A lura kuma cewa turbo ba shi da tankin mai nasa, ba shi da famfo nasa. Abin da injin ya sha shi yake sha, da mai kyau da gurɓatacce.

Daga nan kowa zai iya gane laifin direban da ke tayar da mota da asuba ya hau banka mata wuta, wai don ta yi zafi ko tankin iskar burki ya cika da wuri. Cikin dare mai ya tsiyaye ya koma ƙasa, kuma yana ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ya sake isowa turbo, musamman da sanyin hunturu da yake yin kauri. A waɗannan daƙiƙun shaf na gudu a kan busasshen bushi. Ba ranar zai mutu ba, kullum dai ana ɗan ci masa. Minti ɗaya a silo, har allurar mai ta tashi ta tsaya, ya wadatar.

Kashewa ta fi haɗari. Mota ta yi awa biyar tana jan kaya, direba ya shigo Mararrabar Jos ko Tafa, ya faka ya murɗe ki nan take, wani ma sai ya fara ba ta wuta sau ɗaya mai ƙarfi kafin ya kashe, al'adar da ba ta da wani amfani ga injin gas. Injin na tsayawa famfon mai ya tsaya, alhali turbo bai gama juyi ba. Wannan ɗaya. Na biyu, zafin da ya taru a gidan hayaƙi babu sauran abin da zai kwashe shi, sai ya ratso zuwa bushi, ɗan man da ya rage a wurin ya soye ya zama baƙin gawayi mai tauri. Gawayin nan ke toshe ƙananan hanyoyin mai, ya kuma karce shaf gobe da safe. Barin injin a silo minti uku zuwa biyar kafin a kashe shi ne maganin. Amma kada a wuce gona da iri. Masu barin mota tana silo dare guda su ma suna cutar da turbo, ta wata fuskar daban.

Dalilin yana ga yadda aka tsare man kada ya tsallaka cikin fankokin. Mutane suna zaton akwai robar da ke riƙe shi. Roba ba za ta jure wannan zafin ba. Wasu ƙananan zobba ne na ƙarfe irin ringin fistan, kuma ba su toshe hanya gaba ɗaya ba. Matsin iska a gefe ɗaya da na hayaƙi a ɗaya gefen su ne ke tura man baya. In mota ta daɗe a silo matsin ya yi ƙasa, sai mai ya fara silalowa. Haka in filtar iska ta toshe da ƙura, abin da ba ya ɗaukar lokaci a hanyoyinmu in buji ya sauko: fanka tana zuƙa, iska ba ta zuwa, sai ta zuƙo mai. Haka in bututun komawa ya lanƙwashe ko ya cushe, ko ringin fistan ya cinye har hayaƙi yana cika tukunyar mai yana hana man sauka. A duk waɗannan za a ga shuɗin hayaƙi da mai a bututun iska, a ce turbo ya mutu, a je kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka a sayo wani, bayan sati biyu shi ma ya fara yoyo. Turbo na farko ƙalau yake, ba a nemi mai laifin ba ne.

Game da filtar iska akwai ganganci biyu da ake yi: cire ta gaba ɗaya don mota ta sha iska, da bubbuga ta a taya har takardarta ta tsage. Bakin fuka-fukin fanka yana gudun da ya wuce mita 400 a daƙiƙa. A wannan gudu ƙwayar yashi tana cin alminiyon da aka yi fankar da shi, fanka kuwa in gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi ko da kaɗan ne, rawar da za ta yi ta isa ta cinye bushi. Shi ma baƙin mai haka ne. Wanda aka jinkirta juyensa yana ɗauke da toka da garin ƙarfe, wanda noza mai yoyo ta tsinka shi da gas kuma ba shi da kaurin da zai ɗaga shaf. Man da ake aunawa daga durom a bakin titi ba a san asalinsa ba, araha ce da ba ta ado. Yawancin manyan motocin da ke hanyoyinmu 15W-40 na injin gas aka rubuta musu, kuma filtar mai tare da man ake canza ta.

Akwai lalacewa guda da ya kamata kowane direba da yaron mota su san da ita. In bushi ya cinye sosai, mai yana iya kwarara cikin bututun iska har injin ya koma ƙona baƙin mansa a madadin gas. Sai ya yi ta ƙara gudu da kansa, hayaƙi ya turnuƙe, a kashe ki ya ƙi mutuwa, domin ba gas yake sha ba. Abin yi shi ne a toshe masa hanyar iska da katako ko wani abu mai tauri, ba da hannu ko tsumma ba, ko kuma a danne burki a sa babbar giya a saki kuloci ya shaƙe.

In ta kama dole a canza turbo, aikin ba ɗaure kusoshi huɗu ba ne kawai. A gano abin da ya kashe tsohon. A juye mai, a canza filtar mai da ta iska, a wanke bututun da ke kawo mai ko a sa sabo, a tsiyaye man da ya kwanta a lagireton iska. Kada a shafa gam a bakin bututun mai, ɗan guntunsa in ya ɓalle ya isa ya toshe hanyar. Kafin a ɗaure bututun, a zuba mai mai tsabta ta ramin sama a juya fankar da yatsa, sannan a tayar da injin a bar shi a silo 'yan mintuna ana duba yoyo kafin a ɗora masa kaya.