Adanawa da Farfaɗo da Tsofaffin Kwamfutoci: Misali Daga Ƙasar Ingila

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba wata matsala da ke fuskantar masu kula da gidajen adana kayan tarihi, watau: shin tsohuwar kwamfuta a ajiye ta ne yadda aka same ta, ko kuwa a gyara ta ta koma aiki? Takobi ko tulu, ganinsa kaɗai ya wadatar. Amma kwamfutar da ba ta aiki, ƙarfe da waya kurum mai kallo zai gani, ba zai gane hikimar da ke cikinta ba.

Na'urar Harwell

Za mu ɗauki misali da na'urar da ake kira Harwell Dekatron. An ƙera ta a cibiyar binciken makamashin nukiliya ta Harwell, ta soma aiki a 1951. Nauyinta ya kai tan biyu da rabi. A 1957 aka miƙa ta ga wata kwalejin fasaha a Wolverhampton, inda aka yi koyarwa da ita har 1973. Daga nan sai gidan tarihi na Birmingham, inda daga bisani aka kwance ta aka jibge a ma'aji. A 2009 aka ɗauko ta zuwa gidan tarihin kwamfuta na ƙasa da ke Bletchley Park, kuma a watan Nuwamba na 2012 ta sake tashi, akasarin kayan cikinta na asali ne.

Riba da Hasara

Ribar wannan aiki a fili take, musamman ga malami. Na'urar tana adana lambobi ne cikin ƙwayayen gilashi 828, kowanne da ɗigon haske mai zagaya gurabe goma. Saboda rashin saurinta, ɗalibi yana iya bin lissafi da idonsa daki-daki, abin da kwamfutar yau ta ɓoye masa.

Sai dai duk lokacin da aka kunna ta, ƙwayayen nan suna ƙara tsufa, alhali kuwa an daɗe da daina ƙera irinsu. In aka yi ta sauya su da wasu, wata rana sunan ne kawai zai rage na asali.

Kammalawa

A ganina, mafita ita ce a kunna na'ura bisa ƙa'ida, a rubuta kowane gyara, a adana duk abin da aka cire, sa'an nan a koyar da matasa aikin tun masu saninsa suna raye. Domin in gwanayen gyara suka ƙare, na'urar ta mutu ko da ba abin da ya karye a jikinta.